Maɗaurin gwiwa na kanti, siminti, ko mai gaɓa: wanne ya dace da raunin?

Duk wanda ya ji ciwo mai tsanani a gwiwa, ko aka yi masa tiyata a wurin, abin da likita zai fara ja masa kunne a kai shi ne kada ya kuskura ya lanƙwasa ƙafar. To da me za a riƙe ta a miƙe? A shekarun baya amsar asibiti guda ce, siminti, wanda ma'aikata ke kira POP. Yau kuwa shagunan kayan asibiti da manyan kemis na birane suna sayar da maɗaurin gwiwa haɗaɗɗe, ka biya ka ɗaura nan take. Akwai kuma wani mai gaɓa a gefe biyu, wanda ake saita masa iyakar inda gwiwa za ta lanƙwasa. Ga kuma mai ɗori da karansa, wanda har gobe wurinsa mutane da yawa ke fara zuwa. Masu jinya kan rasa na kamawa, musamman idan likita ya rubuta sunan abin a takarda ya miƙo ba tare da wani bayani ba.

Bari in faɗi matsayata tun da wuri. Maɗaurin kanti abu ne mai kyau ƙwarai na ɗan gajeren lokaci, ga babban mutum mai jin magana. Abin da ya sa ake sonsa, wato ana iya kwance shi, nan ne kuma rauninsa yake.

Yadda yake da abin da zai iya

Soso ne mai kauri da aka lulluɓe da yadi, yana naɗe ƙafa daga saman cinya har kusa da idon sawu. A cikinsa an cusa sandunan alminiyam, wasu a baya, ɗaya a kowane gefe. Igiyoyi masu mannewa, galibi 4 zuwa 6, su ke matse shi, wani kuma yana da tsaga a gaba daidai ƙoƙon gwiwa. Tsayinsa kan kama daga inci 12 zuwa 24, kuma yawancin manya suna faɗawa tsakanin 18 da 22. Akwai mai falle ɗaya da ke zuwa da girma-girma, akwai mai falle uku wanda ake matsar da gefunansa su dace da kaurin ƙafa. Na biyun ya fi, in dai akwai shi.

Aikinsa ɗaya ne: ya hana gwiwa lanƙwashewa. Ba ya mayar da ƙashin da ya goce mazauninsa, ba ya ɗauke wa ƙafa nauyin jiki, kuma bai cika hana ƙafa murɗewa ba. A kuma lura, wannan safar roba da ake zura wa gwiwa, wadda 'yan ƙwallo da tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi ke sawa, wani abu ne daban. Ba ta da ƙarfe, gwiwa na lanƙwashewa a cikinta yadda take so. In mai kemis ya miƙo maka ita a madadin abin da likita ya rubuta, ka mayar masa.

Kafin a sayi komai

Babban kuskuren da sauƙin samun maɗaurin nan ya kawo shi ne mutum ya faɗi daga babur, a saya a ɗaura masa, zafi ya lafa, shi ke nan a fasa zuwa asibiti. Zafin zai lafa mana, tunda an hana motsi. Amma ba a san abin da ke ciki ba.

Gwajin da likitocin ƙashi ke ba muhimmanci sosai ba ya bukatar na'ura. A kwantar da mutum rigingine, a ce ya ɗaga ƙafar sama a miƙe. In ya ɗaga ba tare da gwiwar ta lanƙwashe ba, to igiyar da ta taso daga naman gaban cinya, ta bi ta ƙoƙon gwiwa, ta kama ƙashin ƙwauri, tana nan a haɗe. In ya kasa, akwai yiwuwar ƙoƙon ya rabe biyu ko jijiyar ta tsinke, kuma wannan aikin tiyata ne. Ko wata nawa aka yi ana ɗaure da ita ba za ta haɗe yadda ya kamata ba, jinkiri ma ƙara wahalar da aikin yake yi, don jijiyar tana janyewa sama.

Game da hoton ƙashi, akwai ƙa'idar da likitoci a Otawa ta ƙasar Kanada suka fitar a tsakiyar shekarun 1990, wadda ake aiki da ita a wurare da dama. Ana bukatar hoto idan mutum ya kai shekara 55, ko zafin a kan ƙoƙon gwiwa kaɗai yake in an danna, ko a kan ɗan ƙashin da ya turo a gefen waje ƙasa da gwiwa, ko ya kasa lanƙwasa ta zuwa digiri 90, wato kamar yadda take in an zauna a kujera, ko ya kasa yin taku 4 a kanta.

Akwai kuma yanayin da ba a ma tsayawa shawara. Ƙafa ta yi sanyi ko ta sauya launi bayan mummunan haɗari: babbar jijiyar jini tana bi ne ta bayan gwiwa, in ta lalace awoyi kaɗan ne tsakanin ceto ƙafar da yanke ta. Rauni a buɗe har ana ganin ƙashi ko ruwan gaɓa na fita. Gwiwa ta kumbura ta yi zafi rau da zazzaɓi ba tare da an faɗi ba, musamman ga yaro ko mai sikila, don yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar. Duk waɗannan asibiti za a nufa kai tsaye. In akwai maɗaurin a hannu, a sa shi sako-sako don a rage wahalar hanya, iyakar amfaninsa ke nan.

Maɗauri ko siminti

Nan ne akasarin zaɓin yake, don haka zan daɗe a kai.

Bandejin filasta, wato simintin, tsohon abu ne. Wani likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, shi ya fito da shi a farkon shekarun 1850, kuma har yanzu ba a daina amfani da shi ba saboda dalili guda: ana mulmula shi ne a jikin ƙafar mutum, ya bi kowane lungu. Na gwiwa yakan taso daga saman cinya ya tsaya sama da idon sawu. Riƙon da yake yi ya fi na kowane maɗaurin kanti, wannan ba abin musu ba ne.

Amma a kwanakin farko maɗauri ya fi shi aminci. Gwiwa tana ci gaba da kumbura kwana 2 zuwa 3 bayan rauni ko aiki. Simintin da ya zagaye ƙafa ba ya buɗewa, in kumburi ya ƙaru sai ya shaƙe jini. Shi ya sa likitoci kan fara da rabin siminti a bayan ƙafa su naɗe da bandeji, sai kumburi ya saɓe a zagaye. Shi kuwa maɗauri, in ya matse a sassauta, in kumburi ya sauka a ƙara ja. Siminti kuma in kumburi ya sauka, ƙafa ta rame, sai ya yi yawa ya fara zamowa yana gugar idon sawu, dole a koma a sake wani, a sake biya.

Idan akwai ɗinki, bambancin ya fi fitowa. Da maɗauri, a buɗe a wanke ciwo a mayar. Da siminti sai an yanka taga, ko a zauna ana hasashen abin da ke faruwa a ciki har sai wari ko ruwa ya bayyana. Ga mai ciwon suga, wanda ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don gyambo zai iya cin fata a ƙarƙashin siminti bai sani ba.

Sai yanayinmu. Wanda ya yi bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ake nufi da a rufe ƙafa sati 6 ba iska. Ƙaiƙayi kan sa mutane su riƙa zura tsinke ko waya cikin siminti, su ji wa kansu ciwo. Maɗauri ma yana da zafi, soso ne, yana tara gumi, amma ana iya buɗe shi a kwance, ƙafa a miƙe, a goge ta a bar ta ta sha iska. Da damina kuma simintin filasta ba ya son ruwa ko kaɗan, kuma yana ɗaukar kamar kwana 2 kafin ya bushe sarai, in da laima ya fi haka. Akwai na zamani da ake yi da zaren gilashi, mara nauyi, mai ƙarfafa cikin awa ɗaya, sai dai ya fi tsada, kuma audugar da ke ƙarƙashinsa in ta jiƙe matsala ce.

Wajen tsarki, alwala ba ta da damuwa a duka biyun, tunda sawu da idon sawu a waje suke. Wankan wajibi ne ke da magana. Malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin da ba a iya cirewa, to mai siminti yana da mafita. Mai maɗauri kuwa, in likita ya yarda kuma ɗinki ya kame, zai iya zama a kujera, a ɗora ƙafar a kan wata, a kwance a wanke a tsane a mayar. Amma a zaune, kuma da mai taimako. Tsayawa a banɗaki mai santsi ba maɗauri yana daga cikin hanyoyin da aiki ke warwarewa.

Duk wannan ya sa maɗauri ya yi gaba. To ina siminti ya fi? A wurin mutumin da ba zai bar abin a jikinsa ba. Yaro ɗan shekara 8 zai kwance shi da an juya baya. Tsohon da ya fara rikicewa zai cire cikin dare ya miƙe zai tafi bayi. Saurayi ɗan ƙwallo zai ji sauƙi a sati na biyu ya ce bari ya gwada. Ɗan acaɓa ko mai tura kura wanda sai ya fita a ci a gidansa, zai cire ya koma aiki, ba don taurin kai ba, don dole. Ƙashi kuwa bai san uzuri ba, zafi yana gushewa tun kafin ya haɗe. Lanƙwasawa ɗaya da nauyin jiki a kai ta isa ta raba ƙoƙon gwiwar da ya tsage kawai, ta mai da jinyar gida ta koma tiyata. Idan kai ne mai jinya kuma ka san halin naka, ka gaya wa likita gaskiya. Ba cin fuska ba ne a ce a sa wa Baba siminti don an san ba zai zauna ba.

Siffar ƙafa ma tana da ta cewa. Mai ƙiba, wanda cinyarsa ta yi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa kamar mazurari, maɗaurin kanti ba ya zama a jikinsa. Da ya miƙe sai ya sulale ƙasa, ƙarshensa na sama ya sauko kusa da gwiwa, gwiwar ta riƙa lanƙwashewa a ciki alhali ana ganin a ɗaure take. Irin wannan ko dai siminti, ko mai gaɓa, ko a auna a ƙera masa nasa. Manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano suna da sashen da ke ƙera ƙafar roba da irin waɗannan maɗaurai.

Nisa da asibiti takobi ne mai kaifi biyu, kuma ban ga amsa guda a kai ba. Mutumin ƙauye da siminti, in ya matse shi cikin dare, babu mai yanke masa. Da maɗauri kuma babu mai sa masa ido. Abin da zan ce shi ne, a kwanakin kumburi maɗauri ko rabin siminti, bayan nan a duba halin mutum.

Mai gaɓa, da maganar sandarewa

Wannan sanduna biyu ne dogaye a gefen ƙafa, da gaɓa a daidai gwiwa, a jikin gaɓar akwai lambobi. Ana iya kulle shi a sifili ya zama daidai da maɗaurin miƙewa, ana iya buɗe shi zuwa digiri 30, daga baya 60, daga baya 90, gwargwadon yadda likita ya tsara. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, ya fi wuyar ɗaurawa, kuma in gaɓarsa ba ta yi daidai da tsakiyar gwiwa ba yana takurawa. Mara lafiya mai ƙiriniya kuma zai iya murɗa lambobin da kansa.

Me ya sa za a kashe wannan kuɗin? Saboda gwiwa ba ta son zama wuri ɗaya. Cikin sati ɗaya zuwa biyu da hana ta motsi naman gaban cinya ya fara zubewa, ana gani da ido. In aka daɗe, tabo ya kama cikin gaɓar ta sandare, kuma dawo da lanƙwasawar da aka rasa kan ci watanni ana gashin ƙashi, wani lokaci sai an koma ɗakin tiyata.

A nan akwai abin da ya shafe mu fiye da mutanen da aka rubuta yawancin littattafan likitanci dominsu. Tafiya a miƙaƙƙiyar ƙasa tana bukatar gwiwa ta lanƙwasa kusan digiri 60. Hawa bene da tashi daga kujera, kusan 90. Baturen da gwiwarsa ta kai 110 ko 120 ya gama, rayuwarsa a kan kujera take. Mu kuwa zaman tahiya, da tsugunno a masai, da harɗe ƙafa a kan tabarma wajen cin abinci ko ɗaurin aure, da durƙuson gaisuwa, da mace a gaban murhu, duk suna neman lanƙwasawa mai zurfi, wasu har digiri 150 ko fiye. Gwiwar da ta tsaya a 100 likita zai iya rubuta cewa ta warke, amma mai ita zai ƙare rayuwarsa yana salla a kujera. Don haka kowane satin da aka ƙara ƙafa a miƙe ba bisa larura ba, mu ya fi yi wa ɓarna. Shi kuma maɗaurin kanti, da yake yana hannun mutum, babu ranar yankewa kamar siminti, sai ka ga an manta shi a jiki wata biyu saboda tsoro. Masu cirewa da wuri suna da yawa, masu ƙin cirewa ma haka.

Tambayar da ta kamata a yi wa likita kafin a ciro kuɗi ita ce: sati nawa ƙafar za ta yi a miƙe sambal, kuma bayan nan za a buɗe ta ne a hankali? In amsar ita ce 'yan kwanaki ko sati biyu sannan a ajiye, maɗauri mara gaɓa ya isa, sayen mai gaɓa almubazzaranci ne. In kuwa za a riƙa ƙara lanƙwasawa mataki-mataki, a sayi mai gaɓa tun farko a kulle shi, kada a sayi abu biyu.

Ga yadda abin yakan kasance a raunukan da aka fi gani, kodayake hukuncin ƙarshe na likitan da ya ga hoto ne. Ƙoƙon gwiwa da ya tsage bai rabe ba, ɓarin bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma mutum na iya ɗaga ƙafa a miƙe: ana riƙe ta sati 4 zuwa 6, maɗauri ko siminti ko mai gaɓa a kulle duk suna yi, kuma galibi ana barin mutum ya taka da abin a jiki. Ƙoƙon da ya goce gefe aka mayar, karon farko: maɗauri na ɗan lokaci, sati 2 ko 3 a mafi yawa, sai atisaye. Jijiyar sama ko ta ƙasan ƙoƙo da aka ɗinke: kusan sati 6 ba a takawa sai da ƙafar a miƙe, kuma nan ne mai gaɓa ya fi nuna amfaninsa. Jijiyar gefen ciki da ta ja ko ta ɗan yage: mai gaɓa, don yana tare gefe ya bar gwiwa tana motsi. Jijiyar tsakiyar gwiwa ta gaba, wadda 'yan ƙwallo suka fi tsinkawa: maɗauri na 'yan kwanaki kawai don zafi, saboda likitoci sun fi son gwiwar ta dawo tana miƙewa tana lanƙwashewa kafin su yi aiki. Bayan dashen gwiwar ƙarfe, in ma an sa, na kwana ɗaya ko biyu ne, har sai allurar kashe zafi ta saki naman cinya, don kada mutum ya zube. Karaya a saman ƙashin ƙwauri inda ya shiga gaɓa kuwa, ko me aka ɗaura ba a takawa, sau da yawa har sati 6 zuwa 12.

Karan mai ɗori

Ba na raina dalilan da ke kai mutane wurin masu ɗori. Suna kusa, an san gidansu kaka da kakanni, ana biyansu a hankali, ba sa jefa mutum cikin layi. Amma raunin gwiwa daban yake da karayar tsakiyar ƙashi. A cikin gaɓa yake, inda tudun milimita kaɗan kan cinye guringuntsi a hankali ya bar mutum da ciwon gwiwa na dindindin, kuma hannu ba ya gane jijiyar da ta tsinke balle ya haɗa ta. Ja da murza suna ƙara raba abin da bai rabe ba. Mafi muni shi ne ɗaurin da ake tamkewa a kan ƙafa mai kumbura. Likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kokawa kan gaɓoɓin da ake kawo musu sun riga sun mutu saboda irin wannan matsi, yawanci na yara, ba abin yi sai yankewa. Garin neman gira a rasa ido. In dole sai an riƙe ƙafa kafin a isa gari, maɗaurin kanti ya fi kara, ko don ana iya sassauta shi.

In an tsaya a kan maɗauri

A je da awo. A auna kaurin cinya kamar santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa, da kaurin sha-raɓa, da tsayi daga saman cinya zuwa ɗan sama da idon sawu. Gajere shi ne kuskuren da aka fi yi, don ya fi daɗin sawa kuma ya fi araha, amma ba ya riƙe komai. Ya kamata ya rufe mafi yawan cinya da mafi yawan ƙwauri, ba tare da ya tokari matsematsi ko ya hau idon sawu ba. A taɓa sandunan a ji ƙarfe ne ba roba mai lauyewa ba. Na gwanjo ko na aro ba laifi, in dai mannen igiyoyin na kamawa, sandunan ba su karkace ba, kuma an zare su an wanke soson ya bushe.

A kwance ake ɗaura shi, ko a zaune ƙafa a miƙe a kan gado. A daidaita tsagar gaba da ƙoƙon gwiwa, a fara jan igiyoyin da ke kusa da gwiwa, sannan na nesa. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin kowace igiya. A sa yadin auduga mai laushi tsakaninsa da fata, amma ba a kan wando mai santsi ba, don zai zame. In ya sulale, a koma a kwanta a sake ɗaurawa, kada a ja shi sama a tsaye.

Wuri guda yana son kulawa ta musamman, wato wannan ɗan ƙashin da ya turo a gefen waje ƙasa da gwiwa. Wata jijiyar laka tana zagaye shi dab da fata, ita ke ɗaga sawu sama. In sandar gefe ta danne ta, bayan sawu zai fara mutuwa, yatsu su kasa ɗagawa, mutum ya riƙa jan ƙafa. Da an ji haka a sassauta, a sanar da likita a ranar. A duba fata safe da yamma, musamman diddige da gefen gwiwa da inda bakin maɗaurin ke gogawa.

In an ce a kwana da shi, a kwana da shi, don a barci ne ƙafa ke naɗewa ba a sani ba. Matashi kuma a ƙarƙashin diddige da sha-raɓa ake sawa. Cusa shi a bayan gwiwa yana da daɗi, amma yana koya mata zama a tanƙware, daga baya ta ƙi miƙewa. Don kumburi, daskararriyar fiya wata a naɗe da tawul, minti 15 zuwa 20, ta wadatar.

Ƙafar da ba ta motsi jini kan iya daskarewa a jijiyoyinta, ko maɗauri ne ko siminti. Haɗarin ya fi ga tsofaffi, masu ƙiba, masu ciki da masu jego, masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, masu shan taba, da wanda ya taɓa samun haka. Irin waɗannan su tambayi likita ko suna bukatar maganin tsinka jini. Kowa kuma ya riƙa kaɗa sawu sama da ƙasa sau da yawa a wuni, ya riƙa matse naman cinya yana sakewa in an ba shi izini. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara sama-sama, ko ƙirji ya soke, asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne.

Sauran lamurran gida, a taƙaice. Masan tsugunno ya haramta, a nemi kujera mai rami a ɗora a kai tun kafin a sallamo mara lafiya. Babur ba ya hawuwa, adaidaita sahu da ƙyar, mota kuma a kujerar baya a kishingiɗe ƙafa a kan kujera. Tuƙi sai an ajiye maɗaurin kuma likita ya amince. A bene, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwon da sandunan dogarawa su ke fara sauka. Takalmi mai ɗan tudu a lafiyayyar ƙafa yana rage jan ɗayar a ƙasa. Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da sauƙin yin ta a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, sai a ajiye wani abu a gaban kujera a ɗora ƙafar kada ta yi ta reto.

Ranar ajiye shi ba jin daɗin jiki ke faɗar ta ba. Ga mai karaya, sai an sake hoto an ga ƙashi ya kama. Ga kowa, sai ya iya ɗaga ƙafar a miƙe ba tare da gwiwar ta ɗan saki ba, alamar naman cinya ya dawo da ƙarfin da zai tare shi in ya taka. Likitoci da masu gashin ƙashi kan sa a fara cirewa wajen barci, sai cikin ɗaki, sai tsakar gida, kasuwa da masallacin Juma'a su zo a ƙarshe saboda cunkoso. A karɓi ranar komawa asibiti a rubuce tun ranar da aka ɗaura, a kuma nemi a haɗa mara lafiya da sashen gashi kafin wannan ranar ta zo.